Yaron da ke gadon kusa: yadda tausayinmu yake zaɓen wanda zai ceta

A daminar bara aka kwantar da ɗan maƙwabcina a wani asibiti da ke cikin birnin Kano. Shekararsa 6, taifot ya huda masa hanji, likitoci suka ce sai tiyata, kuma ba a son a kwana biyu. Uban tela ne, kuɗin da aka yanka ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Wani matashi a layinmu ya ɗauki hoton yaron yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ya haɗa da hotonsa na ranar Sallah sanye da shadda da hula, ya rubuta sunansa da ajinsa a Islamiyya da lambar asusun banki, ya watsa a WhatsApp da Facebook. Kafin la'asar ɗin washegari kuɗi ya cika har da rara. Akwai wanda ya turo naira 500, akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya biya kusan rabi ya ce kada a ambaci sunansa. An yi aikin, yaron ya tashi, yanzu haka da shi ake buga ƙwallo a ƙofar gidanmu. Alhamdu lillahi.

Ni aka wakilta in kai kuɗin. A ɗakin gaggawa na yara, a gadon da ke kusa da nasa, akwai wani yaro da bai wuce shekara 2 ba. Tafin hannunsa fari fat, numfashinsa sama-sama. Uwar tana zaune a ƙasa kan tabarma, ta dunƙule wata takardar asibiti a hannu har gumi ya jiƙa ta. Ba ta roƙi kowa ba. Na tambayi nas ɗin da ke aiki, wata dattijuwa, ta ce maleriya ce ta shanye masa jini, leda ɗaya yake buƙata, uban kuma ya koma ƙauye neman kuɗi tun jiya. Na ce, "Sista, su ba a yi musu sanarwa ba?" Ta dube ni ta ce, "Malam, wa zai yi musu? Irin su kullum sai mun karɓa. Zagaya ɗakin nan ka gani." Na ba uwar ɗan abin da ke aljihuna, ta ce Allah ya saka da alheri. Rarar kuɗin maƙwabcina tana ɗaya aljihun, ta isa ta biya jinin nan har sau da yawa, amma da sunan wani yaron aka bayar da ita, kuma ko tunanin in tambayi maƙwabcin nawa bai zo mini ba sai da na koma gida. Da na dawo da safe wani yaron ne a gadon. Wancan ya rasu da asuba.

Tun ranar tambaya ɗaya take cina. Mutanen Kano ba marowata ba ne. Duk wanda ya ga yadda ake rabon abinci a masallatai da azumi, ko ya ji yadda ake cika kuɗin mara lafiya a gidajen rediyo kafin a rufe shiri, ya san haka. To me ya sa yaro ɗaya ya samu fiye da buƙatarsa, wanda ke kusa da shi da taku biyu kuma ya rasa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba? Ba wanda ya zauna ya yanke cewa ran wannan ya fi na wancan. Amma abin da hannuwanmu suka aikata ke nan.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan. Tun a 1968 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Thomas Schelling, ya lura cewa mutane za su zuba kuɗi don tsawaita ran yarinya guda da aka nuna musu, amma su ƙi biyan ɗan harajin da zai gyara asibiti ya ceci mutane da yawa da ba a san sunayensu ba. A 2007 Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka gwada abin a aikace. Suka ba mutane dala 5 kowanne a matsayin ladan cike wata takarda, sannan suka nemi su ba da gudummawa daga ciki don yaƙi da yunwa a Afirka. Wani rukuni aka karanta musu alƙaluma: yara sama da miliyan 3 na fama da ƙarancin abinci a Malawi, mutum sama da miliyan 11 na buƙatar agaji a Habasha. Wani rukunin aka nuna musu hoton yarinya guda 'yar shekara 7 daga Mali mai suna Rokia. Masu alƙaluma suka ba da dala 1 da santi 14 a matsakaici, masu hoton Rokia suka ba da dala 2 da santi 38. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rukuni na uku, waɗanda aka haɗa musu hoton da alƙaluman gaba ɗaya. Sai kyautarsu ta sauko zuwa dala 1 da santi 43. Wato sanin cewa akwai miliyoyi irinta bai ƙara musu tausayi ba, rage musu ya yi.

Bahaushe ya riga su faɗa: in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sai dai binciken ya nuna ba sai dambun ya cika tukunya ba. A Isra'ila, a 2005, Tehila Kogut da Ilana Ritov sun nemi gudummawar magani, wani lokaci don yaro ɗaya, wani lokaci don yara 8, kuɗin da ake buƙata iri ɗaya ne. Da aka sa suna da shekaru da hoto, yaro ɗayan ya fi samu. A Suwidin kuma Daniel Västfjäll da abokan aikinsa sun ga tausayin ya fara raguwa tun daga yaro na biyu. Akwai wani gwajin na 1997 da ya fi waɗannan ban tsoro. Aka tambayi mutane game da kai ruwan sha da zai ceci rai 4,500 a sansanin 'yan gudun hijirar Ruwanda. Idan aka ce sansanin na da mutum 11,000 sai su ga aikin ya cancanta, idan aka ce mutum 250,000 ne sai darajarsa ta faɗi a idonsu, alhali rayukan da za a ceta ba su ragu da ko ɗaya ba. Slovic ya kira wannan da kalmar da ma'anarta ke kusa da dushewar zuciya, ko sandarewarta.

Ya kamata in faɗi cewa ba kowane gwaji ne ya fito da bambanci mai girma haka ba. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwaje 41 ya nuna tasirin bai da girma a dunƙule, ya fi fitowa idan yaro ne guda, mai hoto, talaka, wanda ba a ganin laifinsa. Amma a wajen ɗakin gwaji abin a fili yake. Yaƙin Siriya ya ci kusan mutum 250,000 duniya tana kallo, sai a watan Satumba na 2015 hoton gawar yaro guda, Alan Kurdi, kwance a bakin teku a Turkiyya ya zagaye duniya. A makon da ya biyo baya yawan masu ba ƙungiyar Red Cross ta Suwidin gudummawar 'yan gudun hijira a kullum ya ninka kusan sau 100. Bayan makonni kaɗan abin ya lafa.

Me ke jawo haka? Abu na farko, zuciya da hoto take aiki. Za ka iya kawo fuskar yaro ɗaya a ranka, ka ga idonsa, ka tuna da naka ɗan. Ba za ka iya kawo fuska 11,000 ba. Lamba tana shiga kai ta tsaya a nan. Na biyu kuma ya fi shafar mu da gaskiya. A 2011 Daryl Cameron da Keith Payne sun nuna wa mutane hotunan yaran Darfur, wasu yaro ɗaya, wasu yara 8. Waɗanda ba su zaci za a nemi kuɗinsu ba sun fi jin tausayin takwas ɗin, kamar yadda hankali zai ɗauka. Waɗanda aka sanar da su cewa za a nemi gudummawa daga baya, su ne tausayinsu ya ƙi ƙaruwa. Ke nan ba gazawa ce kaɗai ba, akwai kare kai a ciki. Mutum yana hango nauyin da ke tafe sai ya rufe ƙofa tun kafin a ƙwanƙwasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja a titin Zoo ko a Ƙofar Nasarawa ya san wannan. Yaro ɗaya ya matso, hannunka ya tafi aljihu. Ka hango shida suna tahowa a guje, sai ka ɗaga gilashi ka ce Allah ya ba da haƙuri. "Wa za ka ba, wa za ka bari?" Haka muke cewa. Amma wanda za ka ba ɗin yunwarsa ba ta ragu ba don akwai biyar a bayansa.

A tarihin garin nan akwai misalin da ya fi duk na Turawa kaifi. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, Kano na cikin inda ta fi yi wa ɓarna, ga ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana a kan yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Aka yi shari'a shekara da shekaru, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Har gobe in ka ce Trovan a Kano an san zancen, kuma yana daga cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a 2003. Ba ina cewa fushin bai dace ba. Ya dace, iyayen yaran nan sun cancanci a bi musu haƙƙinsu. Amma yara 11 sun zauna a zukatanmu, mutum 11,000 kuma sun wuce kamar ba a yi ba. Wa ke tuna su ban da iyayensu? Wa aka tuhuma a kan rashin allurar rigakafi, da cunkoson ɗakunan kwana, da asibitocin da ba magani?

A nan wani sirrin yake fitowa, wanda ya wuce maganar yawa. Zuciyarmu tana tashi ne idan akwai mai laifi da za a nuna da yatsa. Ba wanda ya manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe ta. Kano ta girgiza, ƙasa ta girgiza, aka cika harabar kotu, a watan Yuli na 2022 aka yanke hukuncin kisa. Ni ma na yi kuka, kuma in aka sake ba ni labarin yau zan sake yi. Kafin shekarar ta ƙare cutar mashaƙo ta ɓulla, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, ɗaruruwan yara suka mutu, mafi yawansu ba a yi musu allurar da ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi ba. Mutuwa ce mai azaba, maƙogwaro ne yake toshewa yaro yana kallon uwarsa. Ba a cika harabar ko'ina ba. Muka ce annoba ce, Allah ya kiyaye.

Haka maleriya. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 ta kashe mutum kusan 608,000 a duniya, kashi 31 cikin 100 a Najeriya, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. In ka raba, ya haura mutum 500 a kowace rana. Harin da aka kai Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, wanda duk ɗan Kano ya san inda yake a lokacin da ya ji ƙarar farko, ya ci aƙalla mutum 185. Sauro yana yin kusan ninki uku na wannan a faɗin ƙasar nan kullum, daga wannan asuba zuwa waccan. Sai dai shi ba ya ƙara, ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, a gidaje daban-daban, a yi jana'iza bayan azahar mutum goma su raka.

Bayan fuska da mai laifi, akwai alƙalin da ke zaune a cikin kowannenmu, wanda yake yanke hukunci kafin hannu ya kai aljihu: shin wannan shi ya jawo wa kansa? Ɗan maƙwabcina ya tsallake wannan kotun cikin sauƙi, yaro ne, ɗan Islamiyya, ubansa mai sana'a. Amma a gwada saka hoton matashin da ƙwaya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, ko bazawarar da ke da yara biyar, ko mai cuta mai karya garkuwar jiki, a karanta abin da za a rubuta a ƙasa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Almajiri ma, wanda shekararsa 7 kuma ba shi ya kawo kansa ba, mun samo hanyar hukunta shi da laifin ubansa: "Ai iyayensu ne suka haifa suka watsar." Gaskiya ne akwai laifin iyaye, akwai na hukuma, kuma dole a faɗa. Sai dai maganar takan zo ne daidai lokacin da yaron ke tsaye da roba a ƙofar gida, kuma aikinta a wannan lokacin shi ne ta sauke mana nauyi.

Melvin Lerner ya nuna yadda wannan yake aiki tun a 1966. Ya sa ɗalibai suna kallon wata mata da suka ɗauka ana azabtar da ita da wutar lantarki. Waɗanda aka ba damar tsayar da abin sun tsayar. Waɗanda ba su da yadda za su yi sai suka koma kushe ta, suna ganin ba mutuniyar kirki ba ce. Ba ta yi komai ba. Rai ne ba ya son zama da tunanin cewa wahala na iya faɗa wa wanda bai ci ba bai sha ba, domin in haka ne kai ma ba ka tsira ba. Sai ya laƙaba wa mai wahalar laifi ya samu barci. Wani binciken na Hanna Zagefka a 2011 ya nuna mutane sun fi ba da taimako idan bala'in daga sama ya zo, kamar fari, a kan idan rikicin mutane ne ya haddasa shi. Na tuna yadda aka yi rububin kai gudummawa Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, abin a yaba. Matan Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora, waɗanda ke zaune da goyo a bakin titunanmu shekara da shekaru, su sun zama kamar wani ɓangare na titin.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da ya fita da sadakarsa da dare, ta faɗa hannun ɓarawo, washegari ta faɗa hannun mazinaciya, rana ta uku hannun mawadaci. Gari ya ɗauki surutu. Aka sanar da shi an karɓa, wataƙila ɓarawon ya daina sata, ita ta kame kanta, mawadacin ya yi koyi. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, muna jin sa a wajen karatu, amma alƙalin da ke cikinmu bai cika halartar karatun ba.

Akwai kuma inda tausayin kansa yake zama zalunci, kuma wannan ne ya fi wuyar karɓa. A 1995 Daniel Batson ya ba mutane labarin wata yarinya 'yar shekara 10 mai ciwon ajali da ke jiran layin magani, ya gaya musu ƙarara cewa waɗanda ke gabanta sun fi ta buƙata ko sun fi ta daɗewa. Sannan ya ba su damar tsallakar da ita. Cikin waɗanda aka ce su saurara ba tare da sa rai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka tsallakar da ita. Cikin waɗanda aka ce su sa kansu a matsayinta, kusan uku cikin huɗu. A garin nan sunan wannan abu alfarma. Ka kira ɗan ajinku likita ya duba mahaifiyar abokinka, ka yi alheri, kuma har zuciyarka alheri ka nufa. Amma tsohon da ya baro ƙauyensa tun kafin kiran assalatu, ya zauna a benci da katinsa, shi ya biya kuɗin alherin naka da awa biyu, ko da kwana guda. Ba ka gan shi ba, shi ya sa bai shiga lissafi ba. Yawancin alfarmar da ke kashe layi a ƙasar nan ba mugaye ne ke yin ta ba, masu tausayi ne.

Ganin haka wasu masana suka ce a ajiye zuciya a ɗauki alƙalami. Peter Singer, wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, ya kawo misali a 1972 wanda in aka juyo shi nan gida zai zama haka: kana tafiya sallar Juma'a da sabuwar shadda, ka ga yaro yana nutsewa a kududdufi. Ba wanda zai tsaya tunanin kuɗin shaddar. To in ka yarda da haka, in ji shi, mene ne bambancinsa da yaron da kuɗin shaddar zai ceta a wani gari da ba ka gani? Daga irin wannan tunani aka samu cibiyoyi kamar GiveWell a Amurka, da aka kafa a 2007, masu aikin ƙididdige inda kuɗi ya fi ceton rai. Abin lura, yawancin abin da suka sa a gaba namu ne: gidan sauro mai magani, da maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 duk wata a lokacin damina, wanda gwaje-gwaje suka nuna yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100, kuma kuɗinsa bai wuce kimanin dala 7 ga yaro guda a damina ɗaya ba. A lissafinsu, dala 3,000 zuwa 5,500 da aka zuba a irin waɗannan tana hana mutuwar yaro guda. Yaron da ba za a taɓa sanin wane ne ba, domin bai kwanta ba balle a ɗauki hotonsa. Uwarsa ma ba za ta san an cece shi ba.

Na yarda da rabin maganarsu, kuma rabi ne mai nauyi. Amma ban yarda cewa ɗan'uwa da baƙo ɗaya suke a wajen mai bayarwa ba. Addininmu ya ce sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, sadaka da sada zumunci, maƙwabci kuma yana da haƙƙin da na nesa ba shi da shi. Garin da kowa ya tsallake maƙwabcinsa ya tafi neman inda lissafi ya fi kyau ba zai zaunu ba. Kuma su kansu masu gwajin Rokia sun ci karo da wani abu. Da suka yi wa mutane bayanin wannan son kai na zuciya kafin su nemi gudummawa, abin da aka ba Rokia ya ragu, abin da aka ba miliyoyin kuma bai ƙaru ba. Da suka sa wasu yin lissafi kafin a nuna musu hoton, su ma hannunsu ya ƙanƙance. Wannan ya tsorata ni a kan rubutun nan kansa. In abin da mai karatu zai ɗauka shi ne ya daina tura kuɗi idan ya ga hoton mara lafiya, to na yi ɓarna. Ɗan maƙwabcina yana raye ne saboda hoton nan.

Na kai wannan damuwar wajen wani malamina a cikin gari bayan sallar isha'i. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in zuciya ba ta iya ƙirga ba, lissafi kuma yana kashe ta, ina mafita?" Bai yi dogon bayani ba. Ya karanto mini aya ta 273 a Suratul Baƙara, wadda ke maganar mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa nacin roƙon mutane. Ya biyo da hadisin da ke cewa miskini ba shi ne mai zagayawa a ba shi loma ɗaya ko biyu ba, miskini shi ne wanda ba shi da abin da zai ishe shi, ba a lura da shi ba balle a ba shi, kuma ba ya tashi ya roƙa. Ya ce, "Ka ga ai ba a ce ka jira ya zo ba. Wanda ba a lura da shi, nemansa ake yi."

Matar nan mai takarda a dunƙule ce ta faɗo mini. Da na ci gaba da tunani sai na ga tsarin zakka gaba ɗaya an gina shi ne a kan rashin dogaro da motsin zuciya. Ba a ce ka fitar ranar da ka ji tausayi ba. An sa nisabi, an sa shekara, an sa ɗaya cikin 40, an lissafa kashi 8 na masu karɓa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, har da ma'aikatan da za su bi su tattara su raba. A mazhabarmu ta Malikiyya ana raba ta a inda aka tara ta, amma in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani wuri sai a kai musu mafi yawa. Kusanci yana da haƙƙi, tsananin buƙata yana da nasa, an ajiye wa kowanne gurbi. Imam Gazali ya kawo labarin mutumin da ya tanadi dirhami 2,000 don ƙara aikin Hajji, Bishrul Hafi ya ce masa in yardar Allah yake nema ya raba wa mutum goma, mai bashi da mai iyali da mai riƙon maraya. Mutumin ya ce ransa ya fi karkata ga tafiyar. Duk shekara in na ga jiragen Umarar azumi suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai labarin ya dawo mini, ba don ina ganin laifin mai tafiya ba, sai don na san ni ma raina yakan zaɓi alherin da zan ji daɗinsa a jikina.

Harshenmu ma ya raba abu biyu da muke haɗawa. Tausayi jin sa ake yi, jinƙai kuwa yin sa ake yi. Masu binciken ƙwaƙwalwa a Jamus, Tania Singer da Olga Klimecki, sun ga cewa wanda aka horar ya riƙa jin zafin wani kamar a jikinsa yakan ƙare da ƙunci, wanda aka horar da fatan alheri da nufin taimako kuma yakan samu ƙarfin zuciya. Nas ɗin nan da ta ce mini "irin su kullum", da farko na ɗauka zuciyarta ce ta bushe. Daga baya na gane da a ce tana kuka a kan kowane gado da ba ta kai shekara a ɗakin ba. Ita ce ta san wane yaro ne zai iya jira zuwa safe, wane ne ba zai iya ba, kuma ba ta duba wanda ya fi kyau a hoto.

Bayan rasuwar yaron na gaya wa maƙwabcina abin da ya faru. Ya yi shiru, sannan ya ce rarar kuɗin ba zai ci ba. Aka sanar da waɗanda suka bayar, ba wanda ya ƙi, aka kai sashen da ke kula da marasa galihu na asibitin. Mu 9 a layin muka rubuta sunayenmu da rukunin jininmu a takarda muka ba Sista, tunda namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata 3. Har yanzu in aka turo hoto muna tura abin da ya sawwaƙa. Amma an ƙara wani abu, duk ƙarshen wata kowa yana ajiye wani abu ƙayyadadde wajen telan, ko an ga hoto ko ba a gani ba.

Cikin watan Agusta Sista ta kira ni wajen ƙarfe 10 na dare. Na hau adaidaita sahu ana yayyafi, aka gwada ni, aka ɗebi leda ɗaya. Na tambaye ta ko mace ce ko namiji. Ta ce, "Malam, uku ne. Zan ba wanda ya fi galabaita, sauran biyun ina jiran mutanenku su ɗaga waya."